Amsar Tambayoyinku: Ina Matsayin Kansila Idan Hukumomi da Ƙungiyoyin Waje Suka Kawo Aiki?

 

Takardarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani mai sauraronmu, manomi a wani ƙauye na ƙaramar hukumar Ɗanbatta ta Jihar Kano. Bayan gaisuwa da fatan alheri ga ma'aikatanmu, ya ce shekaru uku da suka wuce wata ƙungiya ta zo ta haƙa musu rijiyar burtsatse, aka yi biki, aka ɗauki hoto, baƙi suka tafi. Yanzu famfon ya lalace, mata da yara sun koma ɗebo ruwa a nesa. Sun je wurin kansilansu, ya ce ba shi ya kawo aikin ba. Sun nemi ƙungiyar, ba su san ofishinta ba. Shi ne yake tambaya: shin mene ne ainihin aikin kansila game da irin waɗannan hukumomi da ƙungiyoyi da ke shigowa da ayyuka, kuma wa ya kamata su kama?

To Malam, mun gode da wannan tambaya, domin kuwa ba ku kaɗai abin ya shafa ba. Amma kafin mu je ga famfonku, bari mu fara da sanin shi kansa kansilan, don idan ba ka san iyakar gonar mutum ba, ba za ka san inda za ka tuhume shi da barin ciyawa ba.

Tsarin ƙananan hukumomi irin wanda muka sani yanzu ya samo asali ne daga gyaran da gwamnatin soja ta yi a 1976, lokacin da aka maye gurbin tsohon tsarin En'e da majalisu iri ɗaya a duk faɗin Nijeriya. A lokacin Jihar Kano, wadda ta haɗa har da Jigawa ta yanzu, tana da ƙananan hukumomi 20, kuma Ɗanbatta tana cikinsu. Daga baya aka yi ta ƙirƙiro sababbi, aka cire Makoɗa daga jikin Ɗanbatta, har Kano ta kai 44 a 1996, ƙasa baki ɗaya kuma 774. Ɗanbatta tana da mazaɓu 10, watau Ajumawa, Ɗanbatta ta Gabas, Ɗanbatta ta Yamma, Fagwalawa, Goron Maje, Gwanda, Gwarabjawa, Kore, Saidawa da Sansan, kowace da kansilanta guda. A ƙidayar 2006 mutanen ƙaramar hukumar sun haura dubu 200. Ka ga ke nan kowane kansila yana ɗauke da wuyan mutum wajen dubu 20 ko fiye.

A 1991, zamanin Janar Ibrahim Babangida, aka raba aikin gida biyu. Ciyaman da mataimakinsa da kansiloli masu gafaka, waɗanda shi yake naɗawa su kula da sassa kamar na ayyuka da lafiya da gona, su ne ɓangaren zartarwa. Su kuwa kansilolin da kuka zaɓa da ƙuri'unku, su ne majalisa. Aikinsu shi ne su duba kasafin kuɗin shekara su amince da shi ko su gyara, su yi ƙananan dokoki, su sa ido a kan yadda ake kashe kuɗi, su kuma kai kukan mazaɓunsu. Saboda haka, Malam, kansilanku ba shi da baitulmali a aljihunsa, ba shi ke ba da kwangila ba, kuma ba shi ke sa hannu a yarjejeniya da wata ƙungiya ba. Ta wannan fuska ya gaya muku gaskiya. Amma rabin gaskiya ce, kamar yadda za ka ji.

Tsarin mulki na 1999 ya jera ayyukan ƙaramar hukuma: kasuwanni, tashoshin mota, mayanka, maƙabartu, kwashe shara, rajistar haihuwa da mutuwa, da ƙananan hanyoyi, sannan ta sa hannu tare da jiha a ilmin firamare, da lafiya, da aikin gona. To amma kuɗin da ke shigo mata ba su isa ba, kuma tun 1999 suna biyowa ne ta asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi. A ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, ta kuma ce naɗa kantomomi a madadin zaɓaɓɓu ya saɓa wa tsarin mulki, ko da yake an yi ta jan ƙafa wajen aiwatarwa a watannin da suka biyo baya. A Kano an yi zaɓen ciyamomi 44 da kansiloli 484 a ranar 26 ga Oktoba, 2024. Ko ma dai yaya, albashin malaman firamare da na ma'aikata ke cinye kaso mai yawa, shi ya sa yawancin manyan ayyukan da kake gani a karkara da hannun wasu a ciki.

Waɗannan abokan aiki kuwa iri uku ne, kuma yana da kyau ka iya bambance su.

Na farko su ne hukumomin gwamnati waɗanda aikinsu ya ratsa ƙananan hukumomi da yawa. Misalin da ya fi kusa da kai shi ne hukumar raya aikin gona da karkara ta Jihar Kano, wadda aka fi sani da KNARDA. An kafa ta a farkon shekarun 1980 da tallafin Bankin Duniya, yanzu kuma tana da shiyya uku a jihar, Rano da Ɗanbatta da Gaya, watau hedkwatar shiyya ta biyu a garinku take. Daga nan malaman gona ke fita zuwa ƙananan hukumomin arewacin jihar. Akwai hukumar raya kogunan Haɗejiya da Jama'are da Gwamnatin Tarayya ta kafa a 1976, akwai kuma hukumar jiha mai kula da ruwan sha da tsabtar karkara, RUWASA. Haka nan madatsar ruwa ta Tomas da aka gina cikin shekarun 1970, manoman rani na Ɗanbatta da na Makoɗa duk suna cin moriyarta, ruwan bai san iyakar ƙaramar hukuma ba.

Na biyu su ne na ƙetare: Bankin Duniya, da Bankin Musulunci, da asusun kula da yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, UNICEF, da ƙungiyoyi irin su Sasakawa ta ƙasar Japan, wadda ta fara aiki da manoman Kano a 1992. Waɗannan ba sa faɗowa ƙauye haka kawai. Da Gwamnatin Tarayya suke fara ƙulla yarjejeniya, sannan jiha, sannan aiki ya gangaro ƙaramar hukuma. Kuma a nan akwai abin da mutane da yawa ba su sani ba. Kuɗin Bankin Duniya, galibinsu bashi ne mai sauƙin ruwa, ba sadaka ba ce. Shirin Fadama da aka fara a farkon shekarun 1990, wanda Kano tana cikin jihohin farko da suka amfana da injinan ban ruwa da ƙananan rijiyoyinsa, da bashi aka yi shi. Haka shirin ACReSAL na farfaɗo da ƙasar da ta gaji, wanda bankin ya amince da shi a 2021 kan dala miliyan 700 domin jihohin Arewa 19 da Abuja. Ku da 'ya'yanku za ku biya. Don haka duk wanda ya ce muku kayan banza ne, kada ku yi magana, bai gaya muku daidai ba.

Na uku su ne na gida: ƙungiyoyin taimakon kai da kai, da na gama kai, da na matasa, da na mata masu adashi, da na 'yan asalin gari mazauna Kano ko Kaduna ko Legas masu haɗa kuɗi su gina aji ko su gyara masallaci, da ƙungiyar iyaye da malamai, da ta makiyaya irin Miyetti Allah, da ƙungiyoyin addini masu aikin agaji. Waɗannan jikokin aikin gayya ne, sun riga kansila zuwa, kuma za su ga bayansa.

To ina kansila yake shiga? Yana shiga a wurare uku: kafin aiki, da lokacin aiki, da bayan aiki.

Kafin aiki, shi ne ɗan gari, kuma da ɗan gari akan ci gari. Baƙon da ya zo daga Abuja ko daga Turai da takardu a jaka bai san wace unguwa ce rijiyarta ke ƙafewa tun watan Maris ba, bai san filin da ake rigima a kansa ba, bai san cewa matan wannan gefe ba za su tsallaka titi su ɗebi ruwa a wancan ba. Kansila ya kamata ya tara dagaci da masu unguwanni da limamai da wakilan mata da na matasa, a zauna a fitar da abin da aka fi buƙata, a kuma zaɓi wurin da za a yi shi. Ga kuma batun fili. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da shaidar mallaka a filayen karkara. Idan wani bawan Allah ya ba da gefen gonarsa a yi rijiya ko asibitin sha-ka-tafi, aikin kansila ne ya tabbatar an rubuta, shaidu sun sa hannu, an ajiye takardar a sakatariya. In ba haka ba, ranar da mai kyautar ya kwanta dama, magada za su zagaye wurin da danga.

Akwai darasi a kan wannan a ƙasarku. Gwamnati ta dasa jerin itatuwan turare a yankin Yambawa domin kare iska da kwararowar hamada, kuma sun kare ɗin. Amma masu bincike da suka auna daga baya, cikin shekarun 1990, sun gano cewa saiwoyin itatuwan suna shiga gonakin da ke gefensu su kwashe danshin da gero zai sha, sai an haƙa rami an datse saiwar sannan amfani ya gyaru. Abu ne da manomin wurin yake gani da idonsa kowace damina. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Yanzu da ake ci gaba da shirye-shiryen dashen itatuwa a wannan yanki, wakilin da ya san aikinsa zai tabbatar an ji ta bakin masu gonakin kafin a tona rami ko ɗaya.

Lokacin aiki kuwa, kansila ido ne. Yana da damar ya tambayi sashen ayyuka na ƙaramar hukuma abin da aka rubuta a takardar kwangila: zurfin rijiya nawa, aji nawa, kwanon rufi wane iri, wa'adi yaushe. Idan ya ga ɗan kwangila yana ha'inci, ba sai ya yi faɗa da shi a bakin aiki ba. Sai ya kai maganar zauren majalisa, a rubuta, a aika wa ciyaman da hukumar da ta kawo aikin. Har ila yau, yawancin shirye-shiryen nan suna neman gudummawar masu amfana. Wasu sukan ce jama'a su kawo kashi 10 cikin 100, ko da kuɗi ko da yashi da ruwa da ƙarfin jiki. Wasu kuma ƙaramar hukuma ko jiha ake nema ta zuba nata kason. Sau da yawa abin da ke sa aiki ya tsallake wani gari ya tafi wani, rashin biyan wannan kaso ne. Su wa ke amincewa da kasafin kuɗin da za a sa shi a ciki? Kansiloli.

Bayan aiki, a nan ne gizo ke saƙar, kuma a nan ne kansilanku ba zai iya zare hannunsa ba. Ƙungiyar da ta gina abu ba ta zauna gadinsa har abada. Shirinta yana da wa'adi, shekara uku ko biyar, ta tattara ta tafi. Bisa al'ada akan miƙa aikin ga jama'a da ƙaramar hukuma, akan kuma kafa kwamitin da zai kula. A fannin lafiya akwai kwamitin raya mazaɓa, wanda ke sa ido a kan ƙananan asibitoci. A makarantu akwai kwamitin gudanarwa da ya haɗa iyaye da malamai da shugabannin gari. A ruwa akwai kwamitin ruwa da tsabta, mai tara ɗan abin da aka yanka wa kowane gida domin sayen roba ko bututu ranar da suka ci. Kansila ba shi ne shugaban waɗannan kwamitoci ba, kuma bai kamata ya cika su da 'yan jam'iyyarsa ba, amma wajibinsa ne ya san suna raye, ya halarci zamansu, ya ɗauki abin da ya fi ƙarfinsu ya kai gaba.

Kada ka ɗauka wannan magana ce ta fatar baki. Dubi abin da ya faru da rigakafin shan-inna. A 2003 aka dakatar da shi a Jihar Kano saboda shakkun da jama'a suka nuna, aka dawo da shi a 2004, amma gidaje da yawa suka ci gaba da rufe ƙofa. Magani yana nan, kuɗi suna nan, motoci suna nan, abin da babu shi ne yarda. Sai da aka jawo sarakuna da hakimai da dagatai da malamai da wakilan mazaɓu da matan unguwa masu shiga gida-gida, sannan al'amari ya juya. An ga mai ɗauke da ainihin ƙwayar cutar na ƙarshe a Jihar Kano a 2014, a ranar 25 ga Agusta, 2020 kuma aka tabbatar da cewa nahiyar Afirka ta rabu da ita. Baƙo ya kawo kaya, amma ɗan gida ne ya buɗe ƙofa.

Akwai kuma aikin da ya tsallaka iyaka. Ɗanbatta tana kan hanyar Kano zuwa Daura, ta yi iyaka da Kazaure da Ɓaɓura, waɗanda suka koma Jihar Jigawa tun da aka ƙirƙiro ta a 1991. Kasuwarku ta ranar Lahadi tana cin shanu da awaki da hatsi daga Jigawa da Katsina har da Jamhuriyar Nijar. Burtalin da makiyayi ke bi da kaka ba ya tsayawa a inda mazaɓa ta ƙare, haka cutar dabbobi, haka ɓarawon shanu, haka ambaliya. Kansilan da ke bakin iyaka, in yana da hankali, zai san takwaransa na ƙetaren iyakar, su haɗa manoma da ardo-ardo da dagatai tun kafin a fara girbi, a tsayar da ranar sakin gonaki. Zaman da aka yi a gindin bishiya a watan Satumba ya fi wanda za a yi a ofishin 'yan sanda a watan Nuwamba.

Yanzu sai mu dawo kan abin da za ku yi. Da farko ku duba jikin ginin famfon ko allon da aka kafa, galibi akan rubuta sunan masu aikin da shekara. Sannan ku rubuta takarda, ba ku tsaya ga maganar baka ba. Ku faɗi ranar da ya lalace, da yawan gidajen da ke sha, da abin da makanike ya ce ya ɓaci, da abin da ku kanku kuka iya tarawa. Mai unguwa da dagaci su sa hannu. Ku kai wa kansila guda, ku kai guda sashen ayyuka a sakatariya a buga muku hatimin karɓa, ku riƙe guda. Ku roƙi kansila ya gabatar da ita a zaman majalisa, ya kuma bincika muku ko akwai takardar miƙa aikin, ya tuntuɓi RUWASA idan gyaran ya fi ƙarfin ƙaramar hukuma. Ku lura da lokaci: shekarar kuɗi ta gwamnati tana farawa ne a Janairu, ana kuma shirya kasafi a watannin ƙarshen shekara, don haka kukan da ya isa a Satumba ya fi wanda ya isa a Fabrairu samun shiga. In kuwa kuna da hujjar cewa an fitar da kuɗin gyara an cinye, akwai hukumar karɓar ƙorafe-ƙorafe da yaƙi da cin hanci ta jiha a birnin Kano. Daga ƙarshe, ranar da ruwa ya dawo, ku kafa kwamiti da asusu, ku sa mata a ciki, tun da su suka fi kowa sanin zafin rashinsa.

Kafin mu rufe, wata baiwar Allah daga wannan yanki ta aiko da tambaya mai kama da wannan. Ta ce su mata 25 ne masu sana'ar ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, yaya za su yi masu ba da tallafi su san da zamansu? To Malama, amsa ita ce rajista. Ku fara da sashen kula da ci gaban jama'a na ƙaramar hukumarku. In kuna son zama ƙungiyar gama kai, dokar 1993 ta ce mutum 10 sun isa, kun ma haura, kuma jami'in gama kai zai nuna muku hanya. Ku buɗe asusun banki da sunan ƙungiya wanda sai mutum biyu ko uku sun sa hannu, ku riƙa rubuta abin da kuka tattauna da abin da kuka tara. Kansilarku ko kansilanku yana iya raka ku ya gabatar da ku, amma kada ƙungiyar ta zama tasa, don wa'adinsa zai ƙare, sana'arku kuwa tana nan. Kuma ku yi hattara da masu yawo da fom suna cewa ku biya kuɗi za a kawo muku tallafi daga ƙasar waje. Kafin ku ba kowa ko sisi, ku tambaya a sakatariya ko an san da shi.